Waya a Gindin Turmi

A gidan Gwaggo Tani da ke Rano ba a taɓa barin Fulera ta faɗi sunanta da bakinta ba. In baƙuwa ta shigo sayen fura ta ce, "Yarinya, yaya sunanki?" sai Fulera ta buɗe baki, harafin farko ya maƙale mata a leɓe: "F-f-f…" Kafin ta kai ga na biyu Gwaggo ta tari numfashinta.

"Rabu da ita, Hajiya. In kika tsaya jiranta sai furar ta yi tsami. Bebiya muke ce mata."

Sai a kwashe da dariya. Ita ma Fulera takan taya su, don ta lura in ta yi dariyar an fi saurin mantawa da ita.

Ba bebiya ba ce, i'ina gare ta. Tana da shekara tara aka kawo ta daga Kahu, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, bayan rasuwar mahaifinta. Gwaggo Tani yayar marigayin ce. Ta yi alkawarin za ta sa yarinyar a boko, kuma ta sa ta. Abin da ba ta faɗa wa uwarta ba shi ne sai an gama dakan furar sayarwa ake tafiya makaranta. Furar Gwaggo ta yi suna har Kibiya saboda geronta ba ya zuwa inji, dakan hannu ne daga surfe har kirɓi. Hannun waye, wannan ba mai tambaya.

Abokiyar dakanta ita ce Inna Jumai, wata maƙwabciya da ake biya ladan daka, gajeriya mai wushirya, wadda ba ta iya aiki bakinta a rufe. Ita ta koya wa Fulera lugude: taɓarya biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauka waccan ta tashi, a bugu na huɗu kuma a cilla taɓaryar sama, a tafa hannu, a cafe ta kafin ta faɗo.

"In kika yi sake ta sauka a kanki, wataƙila maganar ta warware," in ji Inna Jumai.

"K-ko ta sauka a naki, t-taki ta ɗaure," in ji Fulera.

Inna Jumai ta yi dariya har da riƙe ciki. A duk unguwar ita kaɗai ce take jira yarinyar ta kai ƙarshen maganarta, shi ya sa ita kaɗai ta san tana da baki.

Mijin Gwaggo, Malam Lado, direban bas ne tsakanin Rano da Kano. Wata rana wani fasinja ya manta kaset a motarsa, ya kawo gida, ɗansu Uzairu ya sa a rediyo a tsakar gida. Fulera na wanke-wanke ta tsaya cak da kwano a hannu. Ba waƙa ba ce irin wadda ta sani. Wasu samari ne suke jero magana da Hausa a kan kiɗa mai dukan ƙirji, da sauri, ƙarshen kowane layi yana amsa na ɗan'uwansa, ba wanda ya tsaya neman kalma.

"M-mene ne wannan, Yaya?"

"Hip-hop," Uzairu ya ce yana gyaɗa kai. "Gambarar zamani. Ke ina ruwanki, ke da 'ina kwana' take kai ki har azahar?"

Washegari suna cikin lugude kiɗan bai bar kanta ba. Ta ji taɓarya na buga irin wancan bugun, ta ji kalmomi sun yi layi a maƙogwaronta, kowace na jiran taɓarya ta sauka ta hau. Sai kawai ta sake su:

"Gero a turmi, taɓarya a hannu,
Tun asuba nake, ba mai ce min sannu,
Ku sha fura, ku ƙara da kunu,
Mai dakan na nan tafe, a sannu a sannu."

Ko harafi ɗaya bai maƙale ba. Inna Jumai ta manta da taɓaryar da ta cilla sama, saura ƙiris ta sauka mata a ka.

"La haula! Wa ya yi magana? Sake in ji!"

Ta sake, tiryan-tiryan. Amma da suka tsayar da daka ta ce, "In-n-na Jumai," sai ga i'inar ta dawo kamar ba ta je ko'ina ba. Suka dubi juna, suka dubi turmin.

"To ai shi ke nan," in ji Inna Jumai. "Sai ki riƙa yawo da turmi a ka. In za ki gai da mutane a sauke miki."

Tun daga ranar Fulera ta kama abin nan ba ta sake shi ba. Duk kaset ɗin da Uzairu ya gaji da shi ta ɗauka ta saurara har ta haddace. Ranar Asabar tana tankaɗe kunnenta na wurin shirin gambarar zamani a rediyo. Ta koyi ƙirga bugu, ta koyi inda ake shan numfashi, ta cika bayan littattafan makarantarta da baitoci. Bulalar latti, da kantar hannu, da sunan Bebiya, duk ta zuba su a baiti, in ta rera su a bakin turmi sai su koma abin dariya.

Tana aji biyu na ƙaramar sakandare Uzairu ya tsinci littafin baitocinta. Ya karanta, ya sa a aljihu. A bikin wani abokinsa a Dawaki ya karɓi makirufo ya jero baitocin, wuri ya ɗauki ihu. Ya dawo gida da sabon suna, Uzi na Rano, da hula juye baya, da wando wanda mutum biyu za su shiga su yi hira.

Fulera ta kai ƙara wurin Gwaggo, ta same ta tana cura fura.

"G-gwaggo, Yaya ya ɗ-ɗauki l-li…"

"Littafi? To sai me? Wa ya saya miki littafin? Ba ɗan'uwanki ba ne? Ke yanzu in an miƙa miki abin maganar nan a gaban jama'a me za ki ce? F-f-f? Asiri yake rufa miki, kamata ya yi ki gode masa."

Daga aro abin ya zama aiki. Biki a Zurgu, suna a Kibiya, taron siyasa lokacin zaɓe, ko'ina Uzi na Rano ake nema. Sai Gwaggo ta ce, "Bebiya, yau ba makaranta, yayanki na da taro jibi." Rana ɗaya a wata ta koma rana ɗaya a mako. Ta yi daka da safe, ta yi rubutu da rana, Uzairu ya zo da yamma ya karɓa har da ƙorafi.

"Wannan layin ya yi tsawo, numfashina ba ya kaiwa."

"K-ka rage tuwo."

Duk wannan ta jure, tana karɓar littafin ƙawayenta tana kwafar darasin da ya wuce ta. Abin da ya tsaya mata a rai wata ranar kasuwa ya same ta. Tana ɗauke da ƙwaryar fura ta ji yara suna rera baitin da ta yi wa mahaifinta, wanda ta ɓoye a ƙarƙashin katifa, wanda ya ambaci gonarsa ta Kahu da garmarsa da yadda yake ɗora ta a wuya in za su gida. Wata mata mai sayar da kuka tana share ido tana cewa, "Allah sarki, yaron nan Uzi ya san maraici."

"Maraici?" in ji Inna Jumai da ta ji labari. "Malam Lado na can tasha da ransa yana lodin fasinja, ɗansa na karɓar gaisuwarsa a bainar jama'a!"

Wannan karon Fulera ba ta taya ta dariya ba. Da yamma ta durƙusa gaban Malam Lado yana cin tuwo. Shi mutum ne mai son zaman lafiya, wato duk abin da ba zai tashe shi daga tabarma ba.

"Baba, b-baitin b-babana ne."

"Fulera, zamanin shari'a muke ciki," ya ce yana suɗe hannu. "Mace ta fita tana ɗaga murya gaban maza, me za a ce da gidan nan? Gara shi namiji ya ɗauke miki nauyin."

Ta san kaset ɗin da yake sa wa fasinja daga Rano har Kano mata ne suke rerawa. Ba ta faɗi wannan ba. Ta tattara numfashi, ta buga ƙafarta a ƙasa a hankali sau uku kamar taɓarya, maganar ta fito sumul:

"Baba, shari'ar ce ta halatta ɗaukar kayan maraya?"

Malam Lado ya ƙware da ruwa. Gwaggo ta bankaɗo labule ta fito.

"Au! Ashe akwai bakin! To ki ji da kyau. Ranar da wani a waje ya san ke kike rubutawa, ranar za ki bar gidan nan. Ki koma Kahu ki ga wanda zai kai ki makaranta."

Lokacin tana ajin ƙarshe na sakandare, saura wata huɗu jarrabawa. Ta koma bakin turminta.

Ana haka wani mai situdiyo a Kano, sunansa Ishiyaku, ya ji Uzairu a wurin wani biki, ya ce ya zo a ɗauki waƙar marayan nan a kai gidan rediyo. Gwaggo ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Amma sau uku Uzairu yana zuwa Kano yana dawowa fuska a murtuke. A na ukun ya kira Fulera bayan rumbu.

"Ke, Ishiyaku ya ce baitocin nan sun ƙi hawa kowane kiɗa na na'urarsa. Wai akwai rami a ciki, bayan kowane bugu uku sai a faɗa. Ya ce in kawo masa kiɗan da na rubuta a kai. A kan me kike rubutawa?"

"T-turmi."

"Turmi? Turmin daka?"

Ta gyaɗa kai. Ramin da ake magana a kai wurin tafi ne, inda ake cilla taɓarya sama, inda take shan numfashi. Shekara biyar Uzairu yana rera baitocinta, in ya zo wurin sai ya cike shi da "yo! yo!" Bai taɓa sanin mene ne ba, don tun da ya yi wayo bai taɓa tsayawa kusa da turmi ba.

Da safe, Gwaggo ta tafi barkar haihuwa, ya kawo wayarsa mai ɗaukar murya ya jingine ta a gindin turmi ya danna.

"Daka kawai nake so. Kada wadda ta ce uffan. Inna Jumai, har ke."

"To, ranka ya daɗe. Ko za ka tsaya ka sa mana ido?"

"Ni? In tsaya wurin daka abokaina su shigo su gan ni?" Ya gyara hularsa ya fice zaure.

Suka kama lugude. Bugu uku, tafi. Bugu uku, tafi. Idon Fulera na kan ɗan jan ɗigon da yake ƙyaftawa a fuskar wayar. Ta tuna jarrabawa. Ta tuna nisan Kahu da makarantarta. Ta kuma ji a kunnenta mai shirin ranar Asabar yana cewa ga waƙar marayan Kahu daga bakin Uzi na Rano, duk Kano ta ji, abin ya tabbata nasa har abada. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, gumi na bin bayanta, bakinta a rufe.

Inna Jumai ta cilla taɓarya, ta tafa, ta cafe, ta ce da ƙarfi kamar da turmin take magana, "Ɗakina da faɗi, 'yar nan. Tabarma biyu gare ni."

Fulera ta dube ta. Ta jira taɓarya ta sauka, ta hau:

"Sunana Fulera, ni ke kirɓa fura,
Ni na tsara baitin nan, ni na sake gyara,
Wanda ya kawo muku, a wurina ya ara,
In kuwa ƙarya nake, ku ce masa ya ƙara."

Daga nan ta ɗauko waƙar mahaifinta tun daga farko, gona da garma da hanyar gida, kowane tafi a gurbinsa. Sai da ta kai ƙarshe ta gane hawaye ne a fuskarta ba gumi ba, amma dariya take yi.

Uzairu ya shigo ya ɗauki wayarsa, ya kunna ya kara a kunne. Ya ji dum, dum, dum, ya yatsine fuska.

"Hayaniyar mata," ya ce. Ya kashe, ya sa a aljihu, ya nufi tasha.

Abin da ya faru a situdiyo, Ishiyaku ne ya ba ta labari daga baya. Samari bakwai ne a ɗakin, aka jona wayar da manyan lasifika. Da bugun ya fara Ishiyaku ya dafa kai ya ce, "Ashe lugude ne! Ramin nan tafi ne!" Sai ga muryar wata tsohuwa tana tallan tabarma, aka yi dariya. Sai ga wata murya kuma, dariyar ta ɗauke. Ba wanda ya motsa har aka gama. Ishiyaku ya juyo a kujerarsa ya miƙa wa Uzairu makirufo.

"To, Uzi. An ce ka ƙara."

Uzairu ya karɓa, ya gyara wando, ya ce, "Yo… yo…"

Iyakar abin da ya ƙara ke nan.

Gwaggo Tani mace ce mai cika alkawari. Kafin magariba ƙullin kayan Fulera yana ƙofar gida.

"Butulu! Shekara goma ina ciyar da ke, ki tona wa ɗana asiri a birnin Kano!"

Fulera ta durƙusa har ƙasa, ba ta yi sauri ba, ba ta kuma bari an katse ta ba.

"N-na gode, Gwaggo. Ni ma sh-shekara goma ina yi miki daka."

Ta ɗora ƙullinta a ka ta yi ƙaura. Tafiyar duka taku ashirin ce. Inna Jumai ta riga ta shimfiɗa tabarma ta biyu.

Bayan kwana uku mahaifiyarta ta iso daga Kahu, ranta a ɓace, don an aika mata cewa 'yarta ta zama 'yar iska. Inna Jumai ba ta yi musu ba, ta janyo turmi kawai. Da matar ta ji garmar mijinta a bakin 'yarta, ta rufe fuska da mayafi ta daɗe. Da ta buɗe, aka gaya mata mai situdiyo na son ɗaukar waƙar daga bakin Fulera, sai ta ce, "A yi a gabana, a cikin gida, kuma ta zana jarrabawarta." Haka aka yi. Ishiyaku ya kwaso kayan ɗaukar murya a bayan mota ya zo Rano, aka kafa su a tsakar gidan Inna Jumai, kaji na ratsawa tsakanin wayoyi. Fulera na sanye da hijabinta, ta naɗe hannu, taɓarya a riƙe.

Kafin a fara daka Ishiyaku ya ce ta faɗi sunanta don a sa a farkon waƙa. Babu bugu, babu tafi.

"F-f-f… F-Fulera. Daga K-kahu."

"Ba komai," in ji Ishiyaku. "Zan yanke wurin in gyara, ba wanda zai sani."

"B-bar shi. Haka nake faɗa."

Aka bar shi. Haka ya fita a rediyo wata ranar Asabar, mako biyu bayan ta gama jarrabawa, i'inar a gaba, baitocin na bin ta a guje. Inna Jumai ta ɗora rediyo a kan katanga ta juya bakinsa gidan Gwaggo, wai a nan ne ya fi kamawa. Ba a yi wata guda da ƙaurar Fulera ba geron Gwaggo ya fara zuwa inji, masu saye suka fara cewa furar ta canja. Gwaggo kuwa yanzu duk wadda ta shigo sai ta ce mata, "Kin ji yarinyar nan ta rediyo? 'Yata ce. Ni na raine ta."

Irin gidan Gwaggo Tani ba ɗaya ba ne a ƙasar nan. Ba a duka, ba a hana abinci, in ka tambaye su za su rantse amana suke riƙo. Gajiya kawai suke yi da jira yaro ya gama magana, sai su ƙarasa masa. Daga ƙarasa masa sai su karɓe maganar, daga nan su karɓe sunan, su kuma ce ya gode. Fulera ta fita don ta sami turmi da wata tsohuwa mai tabarma biyu. Da yawa ba su samu ba, suna nan a tsakar gidaje suna taya mutane dariyar kansu.

Ita kam ba ta ajiye abin da ta kama ba. Ta yi kwalejin horon malamai, tana koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kibiya, a can kuma take aure. Waƙoƙinta sun yi yawa, daga faifai sun koma waya, amma har yau ba ta taɓa yin ɗaya ba tare da lugude a ƙarƙashinta ba. Ranar Asabar da hantsi tsakar gidanta cika yake da yara, masu i'ina da waɗanda aka tsawatar har suka daina magana. Turmi uku gare ta. Inna Jumai, da ƙarfin daka ya ƙare mata, tana zaune a kujera 'yar tsuguno tana gyara musu tafi da baki.

Wata Asabar aka yi sallama. Gwaggo Tani ce, ta tsufa, tana dogara sanda, ɗaya hannun riƙe da wata yarinya 'yar shekara bakwai. 'Yar Uzairu ce, wanda yanzu shi yake jan motar ubansa.

"Fulera," in ji Gwaggo. Wannan ne karo na farko da ta ji sunan a bakinta.

"S-sannu da zuwa, Gwaggo." Ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama mata fura dakan hannu. Gwaggo ta kurɓa, ta sake kurɓa.

"Jikata ce. Irin naki ne ya same ta. A makaranta dariya suke mata, ta daina zuwa."

Fulera ta tsuguna har fuskarta ta yi daidai da ta yarinyar.

"Y-yaya sunanki?"

Yarinyar ta zaro ido jin babbar mace ta yi irin nata. Ta buɗe baki. "I-i-i…"

"Ai sunanta…" Gwaggo ta fara.

"Gwaggo, b-ba ke na tambaya ba."

Taɓaren nan duk suka tsaya. Gwaggo ta dubi ƙwaryar da ke hannunta.

"A bar furar ta yi tsami," in ji Inna Jumai daga kujerarta. "Ba inda za mu."

Aka jira. Wata kaza ta ratsa tsakar gida ta wuce. Yarinyar ta runtse ido, ta damƙe gefen hijabinta.

"I-i-ik… Ikram."

"Ikram," in ji Fulera. "M-madalla. Ni kuma F-f-fulera."

Ta miƙe ta ɗauko ƙaramar taɓarya ta ɗora mata a hannu.